Kwalin Jikin Ƙofa

Mas'uda ba koyarwa ta kawo ta Guangzhou ba, miji ta biyo. Amma mijin, Umar Faruƙ, ya koma Kano sabunta biza aka hana shi, takardar zamansu da ke rataye da tasa ita ma ta ƙare. Tun daga nan ɗan gidan hayarsu na Sanyuanli ya zame musu gida, ya zame makaranta, ya zame filin wasa. Ko ƙofar bene ba ta kai yaran, don gudun kada a tare su a ce su nuna fasfo. Cefane ma wata maƙwabciya 'yar Ghana ke yo musu. Tagar falon kuwa bangon wani bene take kallo, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu ka kwaso shanyar mutane.

A Kano malamar Islamiyya ce, ita kuwa malanta ba ta sakin mai ita. Da ta ga Hindu, mai shekara goma sha biyu, da ƙanwarta Sabuwa sun fara yagar juna don zaman banza, sai ta ɗora musu aikin bincike. Su rubuto mata rahoton yadda riga ke tashi daga kasuwar Shisanhang har ta isa Kantin Kwari, wato sana'ar ubansu.

Ta kwance rigunan samfur da ya bari, ta zare kwalayen da ke cikinsu, ta yayyanka daidai tafin hannu.

"Kwali ɗaya, magana ɗaya," in ji ta. "Kada ku kwafo min abin da ke waya kamar aku. Ku karanta, ku kife wayar, ku rubuta yadda kuka gane. A ƙasa kuma ku sa wanda ya faɗa. Maganar da ba ta da mai ita, shara ce."

Sabuwa ta rubuto cewa jirgin ruwa ya fi unguwarsu ta Kano girma, a ƙasa ta sa "ni ce". Mas'uda ta yi dariyar da rabon ta da yi tun tafiyar mijinta, sannan ta jefa kwalin a kwandon shara. Ta ƙara musu doka: abin da mutum biyu suka faɗa ya fi ƙarfi, in kuma suka saɓa, a bi wanda ya fi kusa da abin.

Kwali ɗaya ne bai shiga rahoto ba. Sabuwa ta manna shi da cingam a jikin ƙofar fita, da rubutunta mai karkata: "Abba zai dawo in an buɗe baje kolin Pazhou." A ƙasa: "Umma." Kullum in ta tashi sai ta je ta shafa shi kafin ta wanke ido.

Mas'uda ba ta son kallon ƙofar nan. Babu wanda ya gaya mata wannan magana. Ita ta ƙirƙiro ta ranar da Sabuwa ta kafe ta ƙi cin abinci sai an faɗa mata ranar dawowar ubanta. Yarinya ta ji, ta share hawaye, ta cinye taliyarta tas. Da maganar nan ake ci a gidan, da ita ake barci, kuma baje kolin sai matsowa yake.

Wata rana bayan azahar, Sabuwa na barci, Hindu ta maƙale a kan yadda ake fitar da kwantena daga tashar ruwa.

"Kira Abbanku mana," in ji Mas'uda daga kicin. "Ai shi ne mafi kusa da abin."

Sai da maganar ta fita ta gane abin da ta yi. Tana yanka albasa tana jin muryarsa a waya, yana bayani, Hindu na cewa ya dakata ta rubuta. Can yarinyar ta ce, "Abba, saura tambaya ɗaya. In an buɗe Pazhou, ranar farko za ka zo ko sai an kwana biyu?"

Mas'uda ta jiyo amsar uban daga wayar.

"Wa ya ce miki haka, Hindatu? Sun sake hana ni. Wallahi ban san rana ba. Ku dai yi ta addu'a."

Hindu ta shigo kicin da kwali a hannu. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi da ya fi sauƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi tambayar yadda aka koya mata.

"Umma, na Abba ya saɓa da naki. Ke a ina kika samo?"

Mas'uda ta ajiye wuƙar. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban surukai. Ta so ta ce ai wani ejan biza ne ya faɗa, ta so ta daka mata tsawa. Amma ita da bakinta ta ce maganar da ba ta da mai ita shara ce.

"Babu inda na samo," ta ce.

Hindu ta gyaɗa kai.

Sai ga Sabuwa ta fito tana murza ido, ta wuce su ta nufi ƙofa, ta shafa kwalinta. Ta tsaya tana kallon sa, ta karkatar da kai.

"Umma, wannan mutum ɗaya ne kawai ya faɗa. Kin ce na mutum biyu ya fi ƙarfi." Ta waiwayo. "Yaya Hindu, na ji kamar muryar Abba. Shi ma ya ce zai zo?"

Mas'uda ta buɗe baki. In ta faɗi gaskiya, ta san yau ba za a ci abinci a gidan nan ba, gobe ma haka, kuma ba ta da inda za ta kai yarinyar ta huce, ko da bakin titi ne. In ta yi shiru, ta bar wa Hindu kayan da ba nata ba. Tana tsaye tana wannan tunani, Hindu ta linke kwalin hannunta ta cusa a aljihu.

"Bai yi maganar ba, aiki muka yi," ta ce. "Amma ni na sani. Kawo biro."

Ta dafa kwalin a jikin ƙofa, ta rubuta sunanta a ƙarƙashin na uwarta, a hankali, harafi bayan harafi. Sabuwa ta yi tsalle tana cewa yanzu ya yi ƙarfi, ta tambaya me aka dafa.

Hindu ta miƙa wa Mas'uda biron, ba ta kalli fuskarta ba.

"Umma, kada ki jefa wannan a shara," ta ce.