Mai Riƙon Cizal

A garejinmu aiki ya kasu biyu tun ina saurayi: Yaya ke dukan guduma, ni nake riƙe cizal. Idan notin babbar mota ya ci tsatsa, ya ƙi sifana, ya ƙi mai, ya ƙi zagi, sai in durƙusa in kafa bakin cizal a gefensa, Yaya ya ɗaga babbar guduma ya sauke. Idan fil ne ya maƙale, in ɗauko fonci, siririn ƙarfen nan da ake kora fil da shi, in riƙe masa. Haka muke har gemuna ya fara furfura. Direbobi kan tsaya kallo suna cije leɓe, ni kuwa hira nake yi da su hannuna na ƙarƙashin guduma, don na san ta Yaya ba ta kuskure.

Bara ta fara kuskure. Ranar farko ta goge gefen cizal ta sauka a babban yatsana. Ina tsalle da ƙafa ɗaya, Yaya ya ɗauki cizal ɗin, ya juya shi, ya ce ai ya karkace, ya jefa shi cikin tarkace. Karo na biyu ya ce ni na motsa. Na uku ya ɗora wa ƙarfen zamani laifi, ya yi wa masu ƙera shi huɗuba mai tsawo alhali ba sa wurin. Farcena ya yi baƙi ya faɗi, sabo ya fito, shi ma bai yi tsawon rai ba.

Kowa a garejin ya san idon Yaya ne ya ja baya. Mun ga ya zuba shayi a gefen kofi. Mun ga ya yi wa wani tsohon inji da aka lulluɓe da tamfol sallama, ya tsaya jiran amsa, da bai samu ba ya ce mutanen yanzu ba su da tarbiyya. 'Yarsa ta kai shi an yi masa tabarau, ya rataye shi a ƙusa kusa da ƙofa, ya ce a ajiye wa baƙi. To wa zai faɗa masa? Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa mini sifana a hannu. Kuma na san idan aka raba shi da gudumar nan, an raba shi da abin da ke tashe shi da safe. Ina tsoronsa, ina tausayinsa, kuma ina son yatsuna.

Matata ba ta da wannan dogon tunani. Tana ɗaure mini yatsa da tsumma ta ce, "Baban yara, ko ka gaya masa, ko ka gaya mini wanda zan riƙa ɗaurewa idan waɗannan suka ƙare."

"Zan gaya masa."

"Haka ka ce wancan farcen."

Na gwada dabara. Wata rana na riƙe cizal da filaya, hannuna can nesa. Yaya ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen, ya gane abin da na yi, ya ajiye guduma a hankali ya tafi gida. Kwana da kwanaki sai ta bakin mai walda yake aiko mini da magana, alhali ina tsaye a gabansa. Dole na mayar da filaya akwati.

Abin da ya kai mu ga sayen sababbin kaya kuwa, kan cizal ne. Duk ƙarfen da ake duka, kansa yakan baje a hankali ya yi kamar laima, kuma gefen nan da ya baje shi ke ɓallewa ya tashi kamar harsashi. Doka ce ta Yaya tun fil azal: kai ya fara bajewa, a kai shi injin wasa ƙarfe a gyara. Ya sha jan kunnena a kan haka. Sai ga shi bana ya daina wasawa, kawunan suka yi faɗi, ya hana kowa taɓa su. Ni da ganin ido na ga ɓarɓashin ƙarfe ya wuce ta gefen kunnena, sai na sammako na wasa su duka, tsaf, yadda ya koya mini.

Da ya zo ya shafa su, sai ya ce na kashe su, na mayar da su allurai, babu mai amfani a ciki. "Gobe za mu je wurin Gwaggo," in ji shi. "Za mu zaɓo saiti na ƙwarai, wanda zai binne ni ya binne ka."

Ban ji daɗin yadda ya sa ni a lissafin binnewar ba.

Gwaggo ita ce mai shagon kayan aiki da duk makanikai ke zuwa. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka manya da yara ke kiranta. Shagon siriri ne, sarƙoƙi na lilo daga rufi, sai ka sunkuya ko ka sha ƙarfe a goshi. Tana zaune bayan kantar shagon mai gilashi, tana kallon mai saye ta saman tabaranta kamar ta riga ta san ƙaryar da zai yi.

Ta fara ɗora mana wani saiti a jan akwati, kowane ƙarfe na walƙiya a gurbinsa. Ni har ya burge ni. Yaya ya zaro ɗaya, ya sake shi a kan siminti, ya karkata kunne.

"Gwaggo, cokali na ce ki ba ni?"

"Masu son ado suna saye."

Ya zaro magagari daga aljihu, don ba ya zuwa sayen ƙarfe babu shi, ya goga a bakin cizal ɗin. Magagarin ya ci shi kamar sabulu. Ya ce wannan idan ya haɗu da noti, notin ne zai yanka shi.

Cizal ɗin saiti na biyu ya yi ƙara mai kaifi. Magagari ya zame a bakinsa, Yaya ya gyaɗa kai. Amma da ya goga a kansa, nan ma ya zame. Ya ture shi gefe.

"An ƙona shi tun daga baki har kai. Baki ake so da tauri, kai kuma da ɗan laushi don ya karɓi duka. Wannan gilashi ne. Rana ɗaya zai fashe ya tsone wa mutum ido."

Da ya ambaci ido, ni na kama duban sarƙoƙin rufi, Gwaggo ta kama gyara tabaranta.

Na ukun daga ƙarƙashin kantar ta ciro shi, naɗe cikin tsumman tamfol, baƙi, babu walƙiya ko kaɗan, jikin kowane ƙarfe mai kusurwa shida. Yaya ya saki ɗaya a ƙasa, ƙararsa ta daɗe tana yawo a shagon. Magagari ya zame a baki, ya ɗan kama a kai. Ya ɗauki fonci mafi siriri ya kwantar a kan gilashin kantar, ya mirgina shi da tafin hannu gaba da baya don ya ji ko akwai lanƙwasa. Bai ko kalle shi ba, fuskarsa na sama. A wannan aikin dai babu wanda ya kama ƙafarsa, kuma raina ya yi fari da ganin haka.

"Wannan ƙarfe ne," ya ce. Sai ya shafa kan cizal ɗin da babban yatsa, ya sake shafawa. "Amma ba ku da irinsa mai faɗin kai?"

"Faɗi kamar yaya?"

"Kamar dai murfin kwalba. Ko ya ɗan fi."

"Murfin tukunya ma akwai, a shagon gaba," in ji Gwaggo. Ta dube shi, ta dubi tsumman da ke yatsana, ta daɗe tana dubansa. Matar nan ta sayar wa Yaya ƙarfe tun mijinta na da rai, ta san shi ne mai yi wa mutane faɗa a kan baje-bajen kai. Sai ta ce, "Ku je baya ku gwada."

Ƙa'idar shagonta ke nan. A bayan shagon akwai wata tsohuwar ƙafar babbar mota da notuna masu tsatsa, da guduma a jingine. Duk mai sayen ƙarfen duka sai ya gwada a can, don kada ya dawo mata da kuka.

Na ce, "Haba Gwaggo, ai mun yarda da ke. A naɗe kawai."

"Ni ban yarda da kowa ba," in ji Yaya. "Wuce mu je."

Bayan shagon inuwa ce, rufin kwano ya tare rana. Ƙafar motar baƙa, notin baƙi, cizal ɗin baƙi, kansa bai fi farcen da na rasa ba. Ni mai ido biyu ma sai da na ƙura. Gudumar Gwaggo kuma ta fi tamu nauyi. Na durƙusa na kafa baki a gefen noti, ina tunanin abin da zan gaya wa matata. Yaya ya tofa a tafin hannu, ya gyara tsayuwa, ya ɗan taɓa kan cizal da guduma don ya auna, sai ya taɓa wuyan hannuna. Ya matsa kaɗan ya sake aunawa, ya taɓa iska. Duk da haka ya ɗaga ta sama.

Ban yi niyya ba, wallahi. Hannuna ne ya kama rawa, bakin cizal ya riƙa bugun noti, ƙir-ƙir-ƙir, a wurin da babu wata ƙara. Na danne da ɗaya hannun, abin ya ƙaru.

Gudumar ta tsaya a sama. Can ya sauke ta ƙasa a hankali.

"Ƙarar me nake ji?"

"Cizal ne, Yaya."

"Cizal ba ya rawa shi kaɗai."

Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa, ta juya tana duba wani kwali da babu komai a ciki.

Yaya ya rage murya. "Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya tsaya riƙe da ƙotar guduma, yana kallon inda yake zaton fuskata take. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Sai ya yi gyaran murya, ya ɗaga magana yadda Gwaggo za ta ji.

"Ai ma shirme muke yi. Mai duka ba ya sanin kyan cizal, mai riƙo ne ke jin yadda yake cin ƙarfe. Ni zan saya, ni zan riƙe. Tashi."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya lalubi notin da yatsu, ya samo inda tsatsa ta fi cinsa, ya kafa cizal a wata karkata da ni ban taɓa tunaninta ba. Hannunsa ko motsi babu.

"Ɗauki guduma, Auta."

Na ɗauka. Duk shekarun nan ban taɓa sauke babbar guduma a kan hannun mai rai ba. Na ɗaga ta kaɗan, na ɗora a hankali, ta ce ƙwas.

"Ƙofa kake ƙwanƙwasawa? Babu kowa a ciki."

Na ƙara, ta ce ƙwas.

"Gwaggo, ko za ki zo ki karɓe shi?"

"Ina da ciwon kafaɗa," in ji ta, "amma zan fi haka."

Na ce, "Yaya, tsoro nake ji kada in same ka."

Bai ɗago ba. "Ni kullum da wannan tsoron nake ɗaga ta, kuma inuwa kawai nake gani. Kai kana gani. Doka."

Na ja numfashi, na kafa ido a ɗan kan ƙarfen nan, na sauke da duk ƙarfina. Notin ya tsage. A duka na biyu ya rabu gida biyu ya faɗi. Yaya ya shafa bakin cizal da yatsa, babu ko ɗan tabo. Ya ce ƙarfen ya yi, dukan ne dai sai an yi gyara, don na fi amfani da kafaɗa maimakon ƙugu. Ya ce wa Gwaggo ta naɗe mana duka, har da foncin.

Da zai tashi gwiwa ta ƙi, ya miƙo hannu, na ba shi na hagu don guduma na hannun dama. Ya miƙe amma bai sake ni ba. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa, yadda ya bi ƙarafan ɗazu. Ya ji tsumman, ya ji wanda ya kumbura, ya ji inda farce ya ƙi fitowa daidai. Idona ya cika da hawaye, kuma na gode Allah da ba ya gani.

"Da ka faɗa," ya ce.

"Da ka ji?"

Ya yi tunani da gaske, har Gwaggo ta gama naɗi ta ɗaure.

"A'a," ya ce. "Ɗauko kayan mu tafi. Ka shige gaba, sarƙoƙin nan sun yi yawa."