Ɓarawon da Ya San Sunan Saye

Malam Dabo na unguwar Yara a Keffi, tsohon malamin firamare, ya ƙarar da shekarun ritayarsa wajen nazarin miyagu. Ba miyagun gari ba, waɗanda a ganinsa ba su da fasaha. Miyagun littattafai da na fina-finai. A majalisar da suke zama bayan la'asar, a ƙofar shagon Siman mai gyaran rediyo, da wuya a watse ba a taɓo zancen ba. Siman ya tsaya a kan cewa babu abin tsoro kamar mugu mai jajayen idanu da ke ɓacewa ya bar hayaƙi. Wasu suka ce ai sai ƙaton da ke ƙyalƙyala dariya kafin ya harbi mutum. Malam Dabo kan bari su gama, sannan ya bayyana musu, da muryar da ya saba yi wa 'yan aji huɗu bayani, cewa duk waɗannan 'yan hayaniya ne. Mugun da ke hana zuciya sukuni, in ji shi, shi ne wanda zai yi sallama, ya cire takalmi, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Shi kuwa Malam Dabo, ko kaza ce ta shiga ɗakinsa, sai ya kira matarsa Nana Hauwa ta kore ta, don ba ya son kazar ta riƙe shi a rai.

Wannan ra'ayi nasa ne ya kai kunnen Godfrey, wani tsohon ɗalibinsa da ke haɗa fina-finai da abokansa suna sakawa a waya. Godfrey yana neman wanda zai fito a shugaban ɓarayin shanu. Ya zo da baƙin tabarau da bindigar katako. Malam Dabo ya mayar masa da su duka biyu, ya ce zai fito da farin kaftani da ƙwaryar kanwa a hannu, kuma ba zai kora saniya ko ɗaya ba. Kiran su zai yi, su biyo shi da ƙafarsu.

Kiran kuwa yana da shi. Tun yana saurayi, lokacin da aka tura shi koyarwa wajen Jigwada, ya ƙulla abota da Jalo, wani makiyayi da rugarsu ke kusa da makarantar. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Jalo, babu mai dawo da garke, sai ya koya wa malamin kiran gidansu: wani dogon sauti daga maƙogwaro, wanda ya gada daga mahaifinsa, a bi shi da sunan saniyar da ke jan garke. Tun daga wannan lokacin, Hapsatu, matar Jalo, ba ta shigowa Keffi da ƙwaryar nono ba ta fara sauke ta a gidan Malam Dabo ba.

A gaban kyamara, Malam Dabo ya yi murmushi, ya miƙa kanwa, ya saki kiran nan, ya ambaci Saye, jar saniyar da ke jan garken Jalo a yanzu. Shanun da Godfrey ya aro ba su ko ɗaga kai ba, sai da aka tura su ta baya inda kyamara ba ta gani. Amma fim ya karɓu. A kasuwa mata suka fara janye awakinsu in ya gifta. Siman ya amince a bainar jama'a cewa ya kalla tsigar jikinsa ta tashi. Malam Dabo ya karɓi wannan yabo da tawali'u irin na wanda ya daɗe da sanin gaskiyarsa.

Sai Hapsatu ta daina zuwa.

Da fari ya ɗauka ruwan sama ne ya ɓata hanya. Daga baya Nana Hauwa ta dawo daga kasuwa ta ce ta ga Hapsatu da idonta, sun gaisa a tsaitsaye, kuma da ta ambaci Malam sai matar ta gyara zaman ƙwaryarta ta wuce. Nana Hauwa ta ƙara da cewa ita ba ta san me ya yi wa mutanen nan ba, amma furar da za ta dama masa daga yau da madarar gwangwani ce. Ba furar ce ta dame shi ba, ko da yake ta dame shi. Jalo ne kaɗai ya rage cikin abokan da suka san shi tun gashinsa yana baƙi.

Da hantsi ya hau acaɓa zuwa ruga. Jalo ya shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya rage a cikinta. Amma ba a kawo nono ba, ruwa aka kawo. Malam Dabo ya dubi ruwan, ya gane inda yake.

Jalo bai yi dogon bayani ba. Ya kira ƙanensa Uthman ya ce ya kunna wayarsa. Shanun suna kiwo can a fadama. Muryar Malam Dabo ta fito daga wayar, mai taushi, mai ladabi. Saye ta ɗaga kai. Ta juyo, sauran suka biyo ta, suka taho cikin natsuwa har suka tsaya suna shinshina aljihun Uthman.

"Ka gani, Malam," in ji Jalo. "Yanzu duk mai waya a ƙasar nan makiyayina ne."

Malam Dabo ya buɗe baki zai ce wasa ne, sai ya ga Saye ba ta ɗauke shi wasa ba, ya rufe. Hapsatu, daga bakin bukka, ta ce ita mai bindiga bai taɓa hana ta cin abinci ba, don an san shi daga nesa. Amma ranar da ta ga mutumin da ta yi shekara da shekaru tana zuba wa kindirmo yana kiran Saye yana murmushi, ta rasa inda za ta sa kanta.

Wannan shi ne ainihin abin da ya daɗe yana koyarwa a majalisa, kuma ba a taɓa faɗinsa da kyau haka ba. Bai ji daɗin nasarar ba. Ya tube hularsa, ya ce ya ɗauki abin da aka ba shi amana ya kai kasuwa don a yaba masa, kuma in akwai gyara a faɗa masa.

Malam Dabo har ya fara tunanin acaɓar komawa. Sannan Jalo ya ce sabon kira ba wuya, ya riga ya fara koya musu. Wuyar ita ce tsohon, wanda suka saba ji da kanwa a bayansa, kuma da muryar da ke cikin waya.

"Kai za ka riƙa zuwa kana kiran su," in ji shi. "In sun zo, kada ka ba su komai. Kada ka shafa su. Har su gane maganarka ba ta da amfani."

"Wannan ai na saba," in ji Malam Dabo. "Na koyar da aji huɗu."

Haka ya shiga zirga-zirga tsakanin Yara da ruga kowace safiya. Ya tsaya a bakin fadama da farin kaftaninsa ya yi kira, shanu su zo, ya maida hannuwansa baya. Ƙananan suka yi saurin yanke ƙauna da shi. Saye ce ta ƙi. Takan zo ta tsaya gabansa, ta dube shi, ta ɗora hancinta a kafaɗarsa, shi kuma ya kafa ido a sararin sama yana ji kamar a duk littattafan da ya karanta bai gamu da azzalumi irinsa ba.

Wata safiya, bayan an fara girbin dawa, ya yi kira da iyakar muryarsa. Saye ta kaɗa kunne ɗaya, ta ci gaba da cin ciyawa. Ya sake. Ko kunnen ba ta kaɗa ba. Uthman ya gwada wayar, ita ma babu wanda ya kula ta.

Malam Dabo ya koma gindin ɗorawa ya zauna, ya ce ƙura ce ta shiga idonsa, ko da yake raɓa ba ta bushe ba. Hapsatu ta ajiye masa ƙwaryar nono a gabansa, mai kauri, ta ce ya gaya wa Nana Hauwa tana tafe jibi.

Lokacin tashin garke ya yi. Jalo ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya dubi abokinsa.

"Malam, toshe kunnenka."

Malam Dabo ya ajiye ludayi, ya sa yatsu a kunnuwansa biyu, ya danna sosai.