Kuskuren Shafi na Tamanin da Ɗaya

Shekara ashirin da huɗu muna zama a teburi ɗaya a ɗakin malamai, ni da Mai Jaka. Ni lissafi nake koyarwa, shi kuwa duk darasin da aka rasa mai shiga. Sunan ya bi shi ne saboda wata tsohuwar jakar fata da ba ya rabuwa da ita, cike da littattafan rubutu da 'yar rakoda. Da an kaɗa ƙararrawar tashi sai ya nufi wajen tsofaffi, yau tsohon direban jirgin ƙasa, gobe wata ungozoma da ta kurmance. Muna yi masa dariya, kuma ni ne kan gaba.

"Yau wane tsoho za a hana barcin rana?" nakan ce masa.

"Duk wanda na tarar da sauran numfashi," in ji shi, ya rataya jaka ya fita.

Tare muka yi ritaya. Ni da na yaye injiniyoyi da likitoci, agogon bango aka ba ni. Shi kuwa bayan shekara uku sai ga littafinsa ya fito, tarihin garinmu tun kafuwarsa. Aka yi hira da shi a rediyo. Malaman jami'a suka riƙa jera motoci a ƙofar gidansa. Ran nan jikata ta dawo daga makaranta ta ce, "Kaka, wai da gaske ka san shi?" Ranar abinci bai shiga cikina ba.

Mahaifina akawu ne a ofishin ayyuka, ya rasu ya bar adaka cike da wasiƙu da hotuna. Lokacin da Mai Jaka yake haɗa littafin ya zo har gida ya tambaye ni ita. Na dubi idonsa na ce gara ta cinye komai. Yana fita maiɗakina ta ce, "Malam, ita wadda ke ƙarƙashin gadonmu fa, ta wa ce?"

"Ba ruwanki."

"Ƙyashi ne kawai yake cin ka," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Na sayi littafin a wani shago da ba a san ni ba, na zauna da jan biro kamar mai duba jarrabawa. Kwana tara ina nema. A shafi na tamanin da ɗaya na samu: ya yi kuskuren shekarar da aka gina babbar gada, da tazarar shekara huɗu. Wasiƙar buɗe gadar tana cikin adaka, da rubutun mahaifina.

Da aka shirya masa lacca a ɗakin karatu na gari, na saka kayana masu kyau na je da wuri. Wuri ya cika, har wasu a tsaye. Da aka zo tambayoyi na miƙe.

"Malam, shekarar gada ba daidai ba ce. Ka ƙara huɗu."

Na jira in ga ya daburce. Sai ya cire tabarau, fuskarsa ta washe.

"Wallahi na daɗe ina shakkar shekarar nan! Tsoho ɗaya ne ya faɗa mini. A ina ka gani?"

Ban shirya wa wannan tambaya ba. Idon kowa na kaina. Na ce, "A takardun mahaifina."

Ya dube ni. Ya gane. Amma abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe garar ta rage mana wani abu. Alhamdu lillahi." Mutane suka yi dariya ba tare da sun san ta mece ce ba, suka tafa masa. Shi suka tafa wa, ba ni ba.

Washegari da hantsi ya yi sallama a ƙofata. Bai tayar da maganar ƙaryar ba, har yau. Na fito da adakar, amma na kafa sharaɗi: ko takarda ɗaya ba za ta bar ɗakina ba. Ya yarda. Sai a nan na lura yana kai wasiƙa har kan hancinsa. Yanar ido ta kusa rufe masa gani. Dole ni na riƙa karantawa yana rubutawa da manyan baƙaƙe.

Bugu na biyu ya fito bara. An gyara shekarar. Sunana yana shafin godiya, tsakanin na mai buga littafin da na ma'aikaciyar ɗakin karatu. Maiɗakina ta ce, "To, hankali ya kwanta?"

Bai kwanta ba. Har yanzu in na ji muryarsa a rediyo sai na murɗa tasha. Amma duk Talata yana zuwa, kuma saura wasiƙa arba'in da ba mu karanta ba. Uku-uku nake fito masa da su.