Kwalba ta Uku

Tankari turare yake haɗawa a Kano, shekara talatin ke nan hancinsa bai taɓa ba shi kunya ba. Kwalaben turare dubu arba'in suka kawo shi birnin Guangzhou na ƙasar Sin, yana son su kafin Sallah. Masana'anta ɗaya ce ta yarda za ta gama a kan lokaci, mai ita kuwa, Mista Liang, ba ya sa hannu sai an ci abincin rana.

A wani gidan abinci a unguwar Pazhou suka zauna, wata mai suna Lauratu tana yi musu tafinta, shekararta goma sha biyu a garin. Liang ya jera kwalaben wiski uku. Tankari ya ce ba ya sha. Liang bai ji haushi ba, ya ce to ya shinshina mana, tunda an ce hanci ne sana'arsa.

Tankari ya yi istigfari a ransa, ya ɗaga kofin farko nesa-nesa. "Hayaƙi, da ɗan gishiri."

Na Sikotlan ne. Liang ya tafa.

Tankari ya ɗaga na biyu. "Wannan masara ce, da ƙonannen itace."

Burbon ne na Amurka. Liang har da dukan tebur.

A kan na uku Tankari ya daɗe. "Sinadarin tsinka turare ne aka zuba wa kala da sukari. Jabu ne. Yana iya makantar da mutum."

Lauratu ta yi murmushi, ta zuba dogon Sinanci. Liang ya washe baki, ya zaro biro.

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya fi duka. Alhaji, ƙaninsa ne ya kawo masa. Kwalabe ka zo saye, ba wa'azi ba."

Tankari ya bar maganar a haka, don yana son kwalaben nan ƙwarai. Liang ya ƙara wata magana yana dariya. Wannan karon Lauratu ta ɗan jima kafin ta fassara.

"Wai katan ashirin zai saya na bikin 'yarsa, tunda ka tabbatar."

Sinancin Tankari bai wuce gaisuwa da godiya da "babu" ba, sai kalmar jabu da ya koya a kasuwa. Ya nuna kwalbar da yatsa.

"Laoban, jiya da," ya ce da Sinanci, wato maigida, jabu ne.

Liang ya dubi kwalbar, ya dubi Lauratu, ya mayar da biro aljihu. Aka gama cin abinci lafiya lau, har da rakiya zuwa mota.

Sallar bana a tsofaffin kwalabe Tankari ya sayar da turarensa.