A Kira Injiniya

Tallar aikin cewa ta yi kamfanin jigilar kaya na neman injiniyar tsaron kwamfuta, wadda za ta gina tsarin da zai hana masu kutse shiga. Da aka ɗauki Injiniya har sabon takalmi ta saya. Tun satin farko ya goge a ƙarƙashin tebura, tana rarrafe tana neman wayar da ta zare.

Firinta ta cinye takarda, a kira Injiniya. Anti Sakatariya ta manta kalmar sirrinta, a kira Injiniya. Baban Sito ma butar lantarki ya taɓa kawo mata, yana cewa, "'Yata, ai duk wuta ce."

Ana dab da ƙarewar wa'adin gwajinta, Manaja ya kira ta ofis.

"Hedikwata na tambayata me kika gina. Na duba, ko bulo ban gani ba. In Juma'a ta yi ba ki nuna min komai ba, sai dai ki yi haƙuri."

"Ranka ya daɗe, yaushe zan gina? Jiya ma wayarka na wuni gyarawa."

"Wannan daban."

Alhamis da safe ta rufo ƙofa don ta gina tsarin, ta rantse ko gobara ake ba za ta fito ba. Ko layi ɗaya ba ta rubuta ba aka ƙwanƙwasa.

"Ƙanwata, taimaki yayarki," in ji Anti Sakatariya. "Saƙo ne daga hedikwata, wai kowa ya danna ya sabunta kalmar sirri. Kin san ni da danne-danne."

Bayanta layi ne har bakin bene, duk saƙon ne ya kawo su. Saura ƙiris ta fatattake su, sai ta leƙa allon Anti. Tambarin na kamfani ne, amma adireshin da ya aiko ba na hedikwata ba ne. Ta ɗaga murya.

"Kowa ya janye hannunsa! Tarko ne! Wa ya danna?"

"Mu?" Baban Sito ya riƙe haɓa. "Mu da ko fulogi ba ma jonawa sai kin zo?"

Mutum ɗaya ne ba ya cikin layin. Ta falla da gudu, ta banke ƙofar Manaja. Yana kan kujera, allonsa har ya fara ƙyaftawa.

"Na danna, amma sai juyi yake..."

Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta nutsa ƙarƙashin teburinsa ta fizge wayar intanet, sannan ta ruga ta raba reshensu da layin hedikwata.

Kafin azahar labari ya iso. A sauran rassa an danna saƙon, kwamfutocinsu duk sun kulle, motocinsu na tsaye jingim. Reshensu kaɗai ke lodi. Babban Shugaba ya bugo, Manaja ya buɗe muryar wayar.

"Wane tsari kuka saya da mu ba mu da shi?"

Manaja ya dubi Injiniya, gwiwoyinta duk ƙura.

"Ba saye muka yi ba, yallaɓai. Injiniyarmu ce. A nan ba wanda ke danna komai sai ta gani."

"To a tabbatar mata da aikinta yau. Ta zo ta koya wa sauran rassa."

Anti Sakatariya ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Injiniya ta matso kusa da wayar.

"Na gode, yallaɓai. Amma sai an ɗauko min mataimaka biyu."

"Biyu kawai? An ba ki."