Injin Dogo a Ƙasan Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na wurinki.

Akwai wani tafki marar zurfi, tsakiyarsa ma iya wuya ne. Shekara da shekaru ruwan sama na wanko takin gonaki yana zubawa ciki, har lakar ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da an shiga zafi sai lakar ta dinga amayo takin nan, ruwa ya koma kore shar, kifaye su taso a mace, wari ya hana kowa sakat.

Auta na cikin ma'aikatan da suka sha wuya suna barbaɗa yumɓu da yashi, har suka lulluɓe lakar kamar an rufa mata bargo. Sharaɗin ɗaya ne, kada a yage rufin. Ruwa ya soma washewa ke nan, sai injin jirgin yayanta Dogo, masunci, ya kwance ya faɗa ciki.

Da safe ta iske shi a bakin ruwa yana ɗaura ƙugiyoyi a sarƙa.

"Yaya, me za ka yi da wannan?"

"Kitso zan yi wa tafkin," in ji Dogo. "Ja zan yi ta yi har ta kamo injina."

"In ka ja ta, ka yaga rufin daga nan har can. Koren ruwa zai dawo, kifin da kake taƙama da shi ya mutu."

"To, malamar laka, yarana yumɓu za su ci?"

Ta riƙe sarƙar gam. Ya ja, ba ta saki ba. Can ya yi tsaki ya ce, "In rana ta take tsaka ban ga injina ba, sarƙa za ta shiga, ko Inna ce ta zo roƙo."

Suka shiga jirgi da igiya da buhunan yashi. Ta hana shi dogara gora a ƙasa, sai filafili. Ta kwanta rubda ciki a goshin jirgin tana tsoma siririn ƙarfe a hankali. Shiru. Nan ma shiru. Inuwa na ta gajarcewa, Dogo ya fara taɓa sarƙar da ƙafa.

"Auta, duba sama."

"Matsa hagu kaɗan, Yaya, don Allah."

Sai ƙarfen ya ce ƙwas.

Ta zame cikin ruwa, ta naɗe ƙafafu don kada su taɓa ƙasa, ta nutsa da igiyar. Dogo ya leƙa bai ga komai ba, ya shiga kiran sunanta. Sai ga ta ta ɓullo tana haki.

"Ja sama sak, kada ka karkata!"

Injin ya taso, baƙar laka ta biyo shi kamar hayaƙi. Nan take suka zazzage yashin a ramin, Dogo ma ya fi ta sauri, har baƙin ya kwanta.

Makaniki ya wanke injin, ya tashi da ƙyar. Auta ta kwanta mura, Inna ta yi musu faɗa su duka biyun. Dogo ya mayar da sarƙar ta ɗaure jirgi, tafkin kuwa bai koma kore ba a zafin bana.