Mai Agogon da Ba Ya Cikin Waya

Kafin komai ku yi mini afuwa. Ni karatu na sani, rubutu kuwa yau na fara. In kun ga wani wuri ya karkace ku kau da kai ku wuce. Abu ɗaya nake roƙo, kada a nuna wa yayyena.

A ɗakin Kaka akwai wata kujerar roba mai karyayyen hannu, wadda duk gidan an san ta Auta ce. Tana tsakanin gado da tsohon teburin aikinsa. Kaka mai gyaran agogo ne a da. Ya yi ta leƙen hanjin agogo da gilashi maƙale a ido ɗaya har idanun suka ce sun gaji. Yanzu in ka shigo inuwarka kawai yake gani, da takunka yake gane ka. Teburin dai bai yarda an fitar ba. Hantsakinsa na nan, da gwangwanin madara cike da 'yan kusoshin da sai ka lashi yatsa kafin ka iya ɗaukar ɗaya.

Auta ita ce ƙaramar jikarsa, irin yaran nan da in baƙo ya yi sallama sai su shige bayan labule da littafi. A wajen Kaka kaɗai bakinta ke buɗewa. Shi ne ma ya sa mata suna Malama, don duk abin da ya shige masa duhu ita yake tambaya.

"Malama, wai me ya sa ruwan teku yake da gishiri, na kogi babu?"

Sai ta tashi ta je ta birkita littattafanta. Wani lokaci sai washegari take kawo amsa, shi kuma ya ce bai yarda ba, su yi ta musu har Goggo ta leƙo ta ce abinci ya huce.

Bayan la'asar kuwa lokacin labari ne. Akwai wani ƙaton littafi na tafiyar jirgin ruwa da take karantawa, kullum ta zo ta ba shi abin da ta karanta da bakinta. Da farko bai kama shi ba. Tana cikin bayanin kyaftin da igiyoyinsa sai ta ji munshari. Ranar da abin ya ishe ta, ba ta san lokacin da bakinta ya ce, "Ashe a cikin jirgin akwai wani tsoho mai gyaran agogo" ba. Babu shi a littafin, ita ta jefa shi ciki.

Kaka ya miƙe zaune. "Wane irin agogo yake gyarawa? Wanda ake wanawa ko mai batir?"

Daga ranar barci ya ƙare. Tsohon nan mai taurin kai ne, kullum sai ya yi faɗa da kyaftin, kuma kullum shi ne da gaskiya. Auta ta ci gaba da saƙa shi tana tsoro tana jin daɗi, har ta kai shi inda guguwa ta taso, ya sauka ɗakin ajiya na ƙasan jirgi don ya ceto akwatin aikinsa, ƙofa ta datse a bayansa, ruwa ya kawo masa gwiwa. A nan ta ce sai gobe.

"Ke muguwa ce, Malama," in ji Kaka, yana dariya.

Goben ce ba ta samu ba, don da hantsi Yaya Dogo ya shigo da waya a hannu, ya kawo wa Kaka.

Dogo wanta ne ciki ɗaya. Akwai kuma ɗan Kawu, wanda ake ce wa Zuma saboda daɗin baki. Rumfunansu a kasuwar waya suna kallon juna, su kuwa ba sa son kallon juna. Kamfanoni biyu ne na injin bincike, irin wanda kake tambaya a waya ya nemo maka amsa, suke kokawa a kan jama'a. Ɗaya tambarinsa hoton fitila, ɗaya hoton tsani, mutane suka huta suna kiransu Fitila da Tsani. Dogo wakilin Fitila ne, Zuma na Tsani. In ka kai wa Dogo waya ya canja maka gilashi, sai ka koma gida ka tarar har injin bincike ya canja maka. In ka bar ta caji a rumfar Zuma, ya cire ya sa nasa. Akwai wata mai sayar da lemo da wayarta ta sha wannan juyi har ta daina gaishe su duka.

Abin da ya sa suka sa wa Kaka ido kuwa, dattawan layin a ɗakinsa suke hirar safe. Abin da ya yaba shi suke yabawa, kuma kowannensu da tarin 'ya'ya da jikoki masu waya.

Dogo ya durƙusa gaban gado ya ɗora yatsan Kaka a gefen wayar. "Nan za ka danna, ka yi magana kawai."

Kaka ya gyara murya. "Salamu alaikum, baiwar Allah. Ina kwana? Ya aiki?"

"Kaka, ba a gaishe ta fa."

"Kai ne ba ka da tarbiyya, ni ina da ita." Ya sake dannawa ya yi tambayar gishirin teku. Kafin ya rufe baki wata murya ta mace, mai sanyi kamar ba ta taɓa yin mura ba, ta zubo amsa tiryan-tiryan. Amsar da Auta ta kwana tana nema ce, har da ƙari.

"Tabɗi!" Kaka ya tafa hannu. "Ai wannan ita ce Malama!"

Auta na zaune a kujerarta. Ta kafa wa wayar ido, wata 'yar baƙar aba mai tsagaggen gilashi da ko shafi ɗaya ba ta taɓa buɗewa da hannunta ba.

Ba a jima ba batir ya yi ƙasa. Soket ɗin ɗakin yana bayan kujerar, igiyar caji kuma gajera ce.

"Auta, ɗan tashi a ɗora ta nan," in ji Dogo.

Ta tashi. Aka ɗora waya a kan kujera.

Washegari Zuma ya ji labari, ya zo da fara'arsa da rigar kamfani. "Kaka, ina kai ina fitila, kai da ba hasken kake gani ba? Tsani ai hawa ne." Ya sa nasa, mai muryar namiji. Da yamma Dogo ya cire. Da safe Zuma ya mayar. Da Kaka ya gaji sai ya ce a bar masa duka biyun, kuma abin ya zame masa wasa: ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, in suka saɓa ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana cewa ɗayansu maƙaryaci ne.

La'asar ta riƙa zuwa tana wucewa. Auta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da littafi a ƙirji.

"Wane ne? Auta ce? Yawwa, miƙo mini Malama daga kan kujera."

Ta miƙa masa da yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Sau ɗaya ta kashe soket ɗin a ɓoye, Goggo ta zo shara ta kunna, har tana cewa Allah ya sa ta lura. Abin da ya fi ci mata rai shi ne muryar ba ta musu. Kaka ya ce bai yarda ba, ta maimaita masa cikin ladabi. Ba ta in-ina, ba ta cewa bari in duba, ba ta jin kunyar baƙi.

Sai Auta ta huce a kan wanda take da iko da shi. Tana wanke-wanke ta ƙara wa tsohon mai agogo ruwa zuwa ƙugu. Ranar da ta ji Kaka yana yi wa Fitila sai da safe, ta kai ruwan ƙirji. Ranar da ya ce wa dattawa bai taɓa ganin mai ilimi irin wannan ba, ta kai shi wuya, ta jefa makullin ɗakin ajiyar a teku. Ya nitse, in ji ta a ranta, ya je ya tambayi Fitila yadda ake iyo.

Ana haka wata safiya yayyen suka yi karo a ƙofar ɗakin, kowa da rigar kamfaninsa, dattawa na zaune a kan tabarma. Cacar baki ta tashi.

"Wayar kakana ce!" in ji Dogo.

"Ni kakan a kasuwa na sayo shi, ko?" in ji Zuma.

Kaka ya buga sandarsa a ƙasa. "Kun ishe ni. Tambaya ɗaya zan yi. Wanda ya amsa ya zauna, ɗayan a cire shi, kowa ya huta."

Daidai nan Auta ta shigo da tiren shayi.

"Akwai labarin da aka bar ni a tsakiya," in ji Kaka. "Na jirgin nan. Ƙarshensa nake so."

Auta ta ajiye tiren da sauri ta ja baya ta manne da ƙofa. Ƙarshen da take ta ɓoye masa za a zubar a gaban mutane, sannan a gano abin da ta yi. Kafin ta motsa Zuma ya je ya ɗauko littafin a kan gadonta ya karanto sunansa.

Dogo ya riga shi dannawa. Fitila ta kwashe labarin kaf cikin numfashi ɗaya: guguwa ta lafa, jirgi ya isa gaɓa, kyaftin ya koma gida ya tarar da iyalinsa lafiya. Dogo ya waiwayi dattawa baki har kunne.

"Ina ruwana da kyaftin?" in ji Kaka. "Wannan sakaran? Mai agogo nake tambaya. Ya fito ko bai fito ba?"

Dogo ya sake tambaya. Muryar ta ce, cikin sanyinta, babu mai gyaran agogo a wannan littafi.

Auta ta runtse ido.

"Babu?" Kaka ya ɗaga gira. "Mutumin da na bari ruwa har gwiwa?"

Zuma ya fashe da dariya. "Na gaya maka fitilar nan ba mai. Kawo nan ka ga aiki." Ya karɓe wayar ya faɗa wa Tsani tambayar da ƙarfi, kamar mai magana da kurma. Tsani bai ce babu ba. Da ya ji ana neman mai gyaran agogo sai ya fara jero shagunan da ke kusa. Na farko, wanda ya ce ya fi kowa samun yabo, shagon Ɗan Gayu ne a bakin titi.

Dattawan nan duk sun san Ɗan Gayu. Yaron shagon Kaka ne a da, wanda ya ware da rabin masu kawo gyara tun idon Kaka bai gama tafiya ba.

"Wa?" Muryar Kaka ta haura. "Wannan da hantsaki ke faɗuwa a hannunsa? Shi ne ya fi kowa? Ni na koya masa buɗe bayan agogo!"

Wani dattijo ya ƙware da shayi don dariya. Zuma ya hau cewa matsalar sabis ce, Dogo na cewa ai gara mai cewa babu da mai kai mutum gidan maƙiyi. Kowa na jan wayar har igiyar caji ta fita.

Kaka ya bar su suka yi mai isarsu. Sannan ya karkata kunnensa wajen ƙofa, inda wata ke ƙoƙarin ɓoye numfashinta.

"Taka ta ce babu shi," ya ce wa Dogo. "Naka kuma ya aike ni wajen yarona. To ku ɗauke abar nan daga kan kujerar Malama."

"Wace Malamar, Kaka?"

"Mai ƙafafu. Ita ta sa mai agogon a ɗakin ajiyar nan, na san hannunta, ita kuma za ta fito mini da shi. Bayan la'asar ina nan."

Auta ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya waiwayo, don Zuma ya riga ya cafe maganar. "To wanne za a cire?"

"Ku bar su duka. Suna da amfani wajen tambayar gishiri."

Wannan ta soke ta kaɗan. Wato safiya tasu ce, da teku, da taurari, da duk tambayoyin da a da nata ne. La'asar kaɗai aka bar mata. Ta harari wayar, wadda yanzu Dogo ya ɗora a kan taga, ta ji har yanzu ba ta yafe mata ba.

Sai kuma ta tuna. Ruwa fa yana wuyan tsohon, makulli yana ƙasan teku, kuma ita da kanta ta jefa shi. Babu shafin da za ta buɗe ta ga mafita, babu wanda za ta tambaya. Abin da ta bar masa kawai akwatin aikinsa ne, da hantsaki a ciki. Ko hantsaki yana buɗe kwaɗo? Ba ta sani ba, kuma ko za ta mutu ba za ta tambayi Fitila ba.

Yayyen sun koma faɗan wanne zai fara buɗewa in an danna. Dattawa sun rabu biyu, Goggo ta leƙo tana tambayar wa ya zubar da shayi a tabarma. Auta ta miƙa hannu a hankali ta zare littafinta daga inda Zuma ya yar da shi, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta sulale ta bayan labule.